Tsagar Gidan Madawaki

A shekara ta tara ta sarautar Sarki Dambo ɗan Barmo, zamanin da Birnin Kyarana ke da ƙofa bakwai da ganuwar da maƙiyi bai taɓa ganin bayanta ba, Madawaki Tunau ya kamu da ciwon da ba a rubuta masa laya. Kishi ne ya kama shi. Abin takaici kuwa, kishin mutumin da ko kakan kakansa ba a haifa ba tukuna.

Ga yadda abin ya faro. A gabashin birni, dab da Ƙofar Ruwa inda rafi ke ratsawa ta ƙarƙashin ganuwa, akwai wata tsohuwar kuka mai kogo. A gindinta gidan Tarana mai magani yake. Bazawara ce, ita ke cire wa mayaƙa dafi idan an dawo daga fage. Shekara shida Madawaki yana neman aurenta. Ba ta taɓa ce masa a'a ba, ba ta kuma taɓa ce masa to ba. In ya zo da rani ta ce a bari ruwa ya sauka, in ruwa ya sauka ta ce hannunta na cikin saiwoyi. Shi kuwa, mutumin da garuruwa ke rufe ƙofa da jin sunansa, sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kai mu.

Da farkon daminar wannan shekara aka yi wani ruwa mai tsawa da rana tsaka. Da ya ɗauke, Tarana ta leƙa kogon kuka don ta ɗauko ɓawon da ta shanya, sai ta tarar da namiji a kwance cikin matsattsun tufafi, da wani ƙarfe a wuyan hannunsa mai motsi kamar yana da rai. Da ya farfaɗo ya yi Hausa, amma Hausar da aka cusa wa kalmomin da ba wanda ya sani. Ya ce sunansa Sagiru, malamin yara ne, ƙauyensu na zaune a kan kufan Kyarana, kuma tsakanin zamaninsa da nasu shekara ɗari uku ce. Ruwa ya fake wa a kogon, aradu ta faɗi, ya buɗe ido a nan.

Liman ya duba alwalarsa da sallarsa, bai ga aibu ba. Sarki ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce a bar shi a zauren Liman, ko ba komai fada ta sami abin hira. To, da a zauren ya tsaya da babu labari. Kullum da safe sai ga shi gindin kuka yana taya Tarana shanya saiwoyi, yana tambayarta sunan kowane ganye. Ran da Madawaki ya biyo ta wurin ya ji tana dariya, irin dariyar nan ta ƙyaƙyatawa har da tafa hannu, sai ya ja linzami ya tsaya. Shekara shida bai san tana da wannan dariya ba. Ya koma gida ranar bai ci tuwo ba.

Ana cikin haka sai ga jakadan Sarkin Tsaunin Marke, abokin gabar Kyarana tun kaka da kakanni saboda fadamar da ke tsakaninsu. Ya shigo fada bai faɗi gaisuwa ba, ya ajiye kwari a gaban Sarki. Aka duba, babu kibiya ko ɗaya a ciki. Ya ce, "Ubangijina ya ce a gaya wa Dambo, kibiyoyin na nan tafe." Ya juya ya fita. A ranar kuma mata suka lura shamuwoyin da ke sheƙa a kan kukar gabas sun tashi gaba ɗaya, sun bar ƙwansu.

Sarki ya tara majalisa. Galadima ya fara magana, ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Marke tana yamma da mu. Sau huɗu suka zo a zamanin mahaifinka, sau huɗu ta Ƙofar Yamma. A tara runduna a can."

Waziri, tsoho mai son jin ta bakin kowa, ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da baƙon da ya ce ya taka kufan birnin nan da ƙafarsa. In ƙarya yake, jin ta bakinsa ba zai rage mu da komai ba."

Aka kira Sagiru. Ya durƙusa yadda Liman ya koya masa, ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara. A zamanina ganuwar yamma tana nan tsaye, yara na hawa. Amma a gabas, inda rafi ke wucewa, akwai giɓi babba, tsofaffi na ce masa Giɓin Marke. Sun ce da hantsi aka zo, ana ruwa, ta cikin rafi."

Sarki ya ce, "Aka ci birnin?"

"Nan ne tsofaffi ba su daidaita ba, ranka ya daɗe. Wasu su ce an ci, wasu su ce an kore su."

Madawaki ya dubi fuskokin hakimai, ya ga sun fara gyaɗa kai. Bai isa baƙon nan ya ƙwace masa dariyar Tarana ba, sai ya haɗa da kunnen Sarki? Ya miƙe ya gyara takobinsa.

Ya ce, "Zaki, ka daɗe ka yi sarauta. Yaƙi goma sha ɗaya na yi maka, 'yan'uwana uku na binne a fagenka, ni kaɗai na rage a gidanmu. Ban taɓa jin an raba runduna biyu saboda tatsuniyar mutumin da ya fito daga kogon itace ba. Wa ya san ubansa? Wa ya san ko Marke ce ta ajiye mana shi? Amma ba zan ƙaryata baƙon Sarki a gaban Sarki ba. Al'ada kawai nake roƙo. A yi masa tsaron baki."

Tsaron baki kuwa doka ce da sarakunan farko na Kyarana suka kafa don su rage surutun fadawa. Duk wanda ya nuna wa Sarki inda maƙiyi zai ɓullo, shi zai tsaya a wurin da ƙafarsa. In sun zo, ya tare su. In ba su zo ba, a fille masa kai, don ya raba hankalin runduna a banza. Wanda zai zaɓa masa mataimaka kuma, Madawaki ne. Al'ada ce, ko Waziri ba ya ja da ita. Sarki ya ce, "An yi."

Madawaki ya fito daga fada zuciyarsa fari ƙal. In Marke ba ta zo ta gabas ba, hauni mai fille kai zai gama masa aiki. In ta zo, mutumin da bai san ta inda ake riƙe takobi ba ai ba zai kai azahar ba. Ya zaɓo masa tsofaffin masu gadin ƙofa guda ashirin, ya aika masa.

Kashegari da la'asar sai ga Tarana a zaurensa, ita da ba ta taɓa taka gidan ba. Shekara shida yana fatan ganin wannan rana, ga ta ta zo, amma saboda wani. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tsofaffi ashirin ka ba shi. Ɗaya ido guda gare shi, biyu da sanda suke tafiya."

"Al'ada ce, Tarana."

"Al'ada ce ta ce ka zaɓo masu tari?"

Ya dube ta, ya kasa riƙe abin da ke cinsa. Ya ce, "Shekara shida ina zuwa ƙofarki, ban taɓa ganin haƙorinki ba. Wannan wata biyu kacal ya yi. Me ya ba ki? Me yake da shi, mutumin da ko akuya bai mallaka ba?"

Ta ce, "Kai in ka zo, labarin garuruwan da ka ci kake ba ni, har in riƙa jin kamar ni ce ta gaba. Shi kuwa tambayata yake yi. Ya ce tun yana ƙarami yake zama gindin kukar nan, a zamaninsu Kukar Tarana ake ce mata, yana ta tunanin wace ce wannan Tarana, yaya muryarta take. Mutum yana begena tun daga bayan shekara ɗari uku, Madawaki, ni ban sani ba. Ina son shi. Ban zo ɓoye maka ba, na zo roƙonka ne ka ƙara masa mutane."

Bai ƙara masa ko mutum ɗaya ba. Abin da ya tsaya masa a wuya ma ba furucin son ba ne, sunan kukar ne. Kukar Tarana. Wato har bayan shekara ɗari uku sunanta a jikin itace yake, ba a jikin gidansa ba. Sai kuma wani tsoro ya shige shi, kada wata rana a yi tsawa su shige kogon su biyu. Kafin rana ta faɗi ya aika magina suka toshe bakin kogon da tubali da laka.

A rana ta uku hadari ya taso tun da safe. Da hantsi ruwa ya kece, tambarin Marke kuma ya tashi a yamma. Madawaki na kan ganuwa tare da Sarkin Baka, shugaban maharba, duk runduna na bayansu. Ya ƙura wa tudun da ke gabansu ido. Mutane na fitowa ta dama, su ɓace ta hagu, su sake fitowa. Ya ga wani mai jar hula ya wuce, can ya sake ganinsa, can kuma ya sake. Tsohon mayaƙi ne, ba ya bukatar a gaya masa. Mutum ɗari ne ke kewaya tudu don a ɗauka dubu ne. Baƙon ya faɗi gaskiya.

Sai ƙaho ya yi kuka daga gabas.

Sarkin Baka ya ce, "Ranka ya daɗe, Ƙofar Ruwa ce."

Madawaki ya ce, "Na ji."

Bai motsa ba. Ni dai ba zan wanke shi ba, don shi ma daga baya bai wanke kansa ba. Yana tsaye ruwa na zuba a kansa, yana auna tsawon lokacin da tsofaffi ashirin da malamin yara za su iya ɗauka. Ƙaho ya sake kuka. Sarkin Baka ya dube shi, ya dubi ƙasa. A kuka na uku ƙahon ya yanke a tsakiya, sai a lokacin ya tuna cewa daga Ƙofar Ruwa zuwa ɗakin Tarana taku ashirin ne. Ya diro daga ganuwa yana kiran doki da muryar da mutanensa ba su taɓa jin irinta ba.

Da suka isa, Markawa sun riga sun ci gindin ganuwa da dagi, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zube, giɓi ya buɗe har mutum biyar na iya shiga a jere. Abin da ya riƙe su, ƙaya ce. Kwana biyu Sagiru da tsofaffinsa suka yi suna jawo sarƙaƙiya suna cusawa cikin rafi, suka kuma tara duwatsu a bisa ƙofa. Tsofaffi bakwai suka rage a tsaye, suna ta jifa suna zagi. Madawaki ya auka cikin giɓin, ruwa har gwiwar doki. Maharba suka hau abin da ya rage na ganuwa suka yi ta saki. Aka gwabza har rafin ya sauya launi. Markawa da suka shigo ba su sami hanyar komawa ba, na waje kuma da suka ga tutar Madawaki suka tabbata dabararsu ta tonu, suka watsar da dagi suka bi daji. Kafin azahar Kyarana ta tsira.

Ya sauko daga doki yana neman Tarana. Ya same ta gindin kuka a durƙushe cikin taɓo, kan Sagiru a cinyarta, kibiya a kafe a gefen ƙirjinsa. Ko ɗago kai ba ta yi ta dube shi ba. An riga an kira Sarkin Aska Nomau, tsohon wanzamin da ke cire wa manya kibiya, wanda kuma gidansu ke yi wa gidan Madawaki aski tun fil azal. Tarana ta kama rigar Sagiru ta yage. Nomau ya kai aska, sai hannunsa ya tsaya. Askar ta faɗi cikin taɓo.

Ya ce, "Madawaki, zo ka gani."

A ƙarƙashin haƙarƙarin hagu akwai tsaga, layi uku gajeru, na huɗu ya gitta su. Madawaki ya kai hannu ya dafe nasa haƙarƙarin bai sani ba. Gidansu ba sa tsaga a fuska kamar sauran mutanen Kyarana. A ɓoye ake yi wa ɗa namiji ranar suna, daga uba sai wanzami, don in an tsinci gawa a fage babu kai a gane ta. Duk duniya mutum biyu suka san siffarta, shi da Nomau, kuma shi kaɗai ya rage mai ɗauke da ita.

Ya durƙusa. Ya ce, "Kai, wa ya yi maka wannan?"

Sagiru ya buɗe ido da ƙyar. "Wanzamin gidanmu. Duk namiji ana yi masa. Gidan Madawaki ake ce mana, ba mu san dalili ba, manoma ne mu."

Nomau ya fara salati. Nan take Madawaki ya gane. Jininsa ne ya tura wa kibiya, jininsa ne ya tsaya yana jira a kashe. Amma ko a wannan hali, kishi bai sake shi ba, sai ma ya ba shi wani ɗan fata. Ya matso ya ce, "Uwar gidan fa? Wadda ta haifi na farkonku, an riƙe sunanta?"

"Kakata takan ce 'yar masaƙa ce. Dela."

"Ba Tarana ba?"

Sagiru ya juya ido wajen Tarana. "An ce Tarana ta shiga kuka ranar yaƙi, ba ta fito ba. Ban gaya miki ba, don kada ki ga kamar ina janki."

Nomau ya zare kibiyar, Tarana ta shinshina bakinta, fuskarta ta sauya. Ta ce dafin Marke ne, wanda ta yi shekara goma tana nema wa makari ba ta samu ba, ba ya barin mutum ya ga la'asar. Ta ce Sagiru ya taɓa gaya mata a zamaninsu akwai gidajen magani da ake ceto irin wannan. Sama na ta ruri, tsawa na matsowa. Ta miƙe ta nufi kogon, sai ta ci karo da bangon laka. Ta dafa shi da hannu biyu, ta juyo ta dubi Madawaki. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallo.

Ya ɗauki dagin da wani Bamarke ya yar. Da hannunsa ya rushe abin da ya sa aka gina, yana sara yana haki, har kogon ya buɗe. Ya sunkuya ya ɗauki Sagiru, ya ji shi ba nauyi, ya shigar da shi ya kwantar. Da ya fito Tarana na bakin kogon da 'yar jakar saiwoyinta.

Ya ce, "Ba ki san kowa a can ba."

"Na san shi."

"In kin tsaya, wallahi ba zan ƙara ba ki labarin yaƙi ba. Zan tambaye ki. Duk abin da kike so a tambaye ki, zan tambaya."

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Tunau, ka makara." Ranar ce kaɗai ta taɓa kiran sunansa babu sarauta. Ta shiga ta zauna, ta ɗora kan Sagiru a cinyarta, ta rungume shi. Aradu ta faɗi, haske ya rufe idon kowa. Da suka buɗe ido babu komai a kogon sai ɓawon itace da yagaggiyar riga.

Can sai ga manzon Sarki da makaɗa a bayansa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce Zaki na jiran Madawaki a fada, an ba shi fadamar Marke da alkyabba, yau babu sunan da za a kira a Kyarana sai nasa. Madawaki ya ce su yi gaba yana tafe. Ya zauna a kan saiwar kuka, Nomau na gefensa yana goge askarsa.

Jimawa kaɗan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Baba Nomau, ni kaɗai na rage a gidanmu. In na ƙi aure, gidan ya mutu. In gidan ya mutu, ba za a haife shi ba."

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Sai Tarana ta fita a can ta duba cinyarta ta ga babu kowa, cikin mutanen da ba su san ta ba."

Madawaki ya daɗe yana kallon kogon. Ya ƙi mutumin nan kamar ransa zai fita, har yanzu kuma yana ƙinsa, don a wannan lokaci ma kansa na kan cinyarta. Ga shi kuma babu hanyar da mutumin zai zo duniya sai ta bayansa. Ya miƙe, ya share fuskarsa da hannun riga, ya kama linzamin dokinsa.

Ya ce, "Ka koya wa ɗanka tsagar nan, shi ma ya koya wa nasa, kada a kuskure ko layi ɗaya. Gobe kuma ka shiga unguwar masaƙa, ka tambayo mini gidan su Dela."